An mayar da ni daga gwajin hayaƙi, kuma ina son ƙarin ƙarfi: ta ina zan fara?

Lawali na Zango:
Assalamu alaikum 'yan zaure, ina gajiya, ina zafi. Shawara nake nema, kaina ya ɗaure. Da yawanku kun san ƙaramar Audi TT ɗin nan tawa mai ƙofa biyu, ƙirar 2001, injin 1.8 mai turbo (fankar da ke matsa iska cikin injin), wadda takardunta suka ce doki 180. Wata bakwai ke nan tana hannuna, ni ne na uku da ya riƙe ta a ƙasar nan. Jiya na kai ta bizit, wato gwajin lafiyar mota, aka zura mata ƙarfen awo a salansa, aka miƙo mini takarda aka ce in je in gyara in dawo. Ga abin da ke rubuce, mota na tsaye injin na ralanti, wato yana aiki ba a taka totur ba: CO 3.8 cikin ɗari, HC 420, CO2 12.1, O2 0.5, lamda 0.89.

Ban da wannan, shan mai ya yi yawa, tana cin wajen lita 14 a kilomita 100. In na taka ta a hanyar Tanut sai in hango baƙin hayaƙi ta madubi, kuma ba ta fizga yadda na ji ana ba da labarin irinta. To akwai wanda ya ce mini in na kai masa ita zai sake rubuta ƙwaƙwalwarta, wato kwamfutar da ke sarrafa injin, ta haura doki 210, kuma hayaƙin ma zai daidaita shi a ciki. Na tara jaka 250 saboda wannan. In kai masa, ko kuwa?

Habu mai Golf:
Wa alaikumus salam. Abokina kada ka wahalar da kanka. Zuba mata maganin wanke injekta kwalba ɗaya, ka yi gudu da ita har Takeita ka dawo, ka shiga layin awo tana da zafinta. In ka karɓi takardarka, ka yanke katalizar ɗin nan, tukunyar da ke tace hayaƙi a salansa, a yi maka waldar bututu miƙaƙƙe, ka sa filta buɗaɗɗiya da bawul mai huci. Haka na yi wa tawa, injinmu iri ɗaya ne, ka ji ta dai da kunnenka.

Malam Mutari bakanike:
Lawali ɗana, riƙe kuɗinka tukuna. Takardar nan da aka ba ka ba tara ba ce, sakamakon asibiti ne, sai dai ba a karanta maka shi ba. Bari in karanta maka.

Injin fetur yana son iska kilo 14.7 a kan kowane kilo ɗaya na mai. In an samu haka daidai, shi ake rubutawa lamda 1. Ƙasa da 1, mai ya rinjayi iska. Taka 0.89, wato mai ya yi mata yawa ƙwarai, shi ya sa CO ya hau, don man da bai samu isasshiyar iska ba rabi da rabi yake ƙonewa. HC kuwa ɗanyen mai ne da ya fito bai ƙone ba sam. Lafiyayyen injin CO2 ɗinsa, wato hayaƙin man da ya ƙone sarai, yana kai wa 14 zuwa 15, naka ya tsaya a 12. O2 ɗinka, wato iskar numfashin da ta saura a hayaƙin, ƙasa yake, to wannan albishir ne, salansarka ba ta huje tana shaƙar iska daga waje ba, kuma babu silindar da ta mutu. A ƙasashen Turai inda aka ƙera ta, motar shekarunta mai katalizar ba a yarda CO ɗinta ya wuce 0.5 a ralanti ba, lamda kuma tsakanin 0.97 da 1.03 in an ɗaga injin. Ka ga nisan da ke tsakani. Babu kwalbar maganin da za ta cike wannan rami.

Tambaya uku zan yi maka. Allurar zafin ruwa ina take tsayawa in kana kan babbar hanya? In ka murɗa kontak kafin injin ya tashi, fitilar nan ruwan ɗorawa mai hoton injin tana kamawa tare da sauran? Sannan in mota ta huce, ka shiga ƙarƙashinta ka ƙwanƙwasa tukunyar katalizar da bayan sifana, ka gaya mini irin ƙarar da ka ji.

Lawali na Zango:
Na gode Baba. Yanzu na fito daga ƙarƙashinta. Allura a kan hanya tana zama wajen 70, wani lokaci ma ƙasa in da asuba ne. Ba ta kai wa 90 sai na maƙale a cunkoson kasuwar Dole. Fitilar da kuka ce, wallahi tun da na sayi motar ban taɓa ganinta ba, har ina murna ina cewa ba ta da matsala. Tukunyar kuma ƙararta kamar ka bugi gwangwanin da ba komai a ciki.

Malam Mutari bakanike:
To ruwa ba ya tsami banza. An cire maka tamostat, abin da ke tare ruwan injin har sai ya yi zafi, an kwashe cikin katalizar, an rufe bakin fitilar da za ta kai ƙara. Saura abin da sai baliz, na'urar da ake jona wa mota ta karanto ciwonta, zai gani.

Alhaji Brah:
Malam Mutari, ina girmama saninku, amma maganar tamostat ban yarda ba. Na fi shekara 20 ina kawo motoci, kuma abu na farko da ake yi wa mota in ta iso shi ne a cire shi. An yi shi ne don ƙasar ƙanƙara. Mu nan a watan Afrilu zafi yana wuce digiri 40, me za a yi da abin da ke tare ruwa? Na ga gasket da yawa da suka ƙone saboda ya maƙale a rufe.

Malam Mutari bakanike:
Alhaji, barka da war haka. Abin da kuka gani gaskiya ne, tamostat in ya tsufa yana maƙalewa, kuma in ya maƙale a rufe injin ya dahu. Amma maganinsa a sa sabo, ba a bar wurin fayau ba. Na wannan injin yana fara buɗewa a digiri 87. In ruwa ya kai wannan zafi a buɗe yake, ba ya tare komai, ko a Afrilu ko a Mayu. Aikinsa kawai ya hana injin zama da sanyi. Ni ma a zamanin 504 da 505 na cire da hannuna, ban san iyaka ba, kuma kafireto bai damu ba tunda ba ya tambayar kowa zafin ruwa. Waɗannan kuwa ƙwaƙwalwarsu da zafin ruwa take lissafin mai. In ta ji sanyi sai ta ƙara, kamar an ja shoke an manta. Man da ya yi yawa yana wanke baƙin man da ke jikin silinda, ya sauka cikin kwanon ƙasa ya tsinka shi. Lawali, zaro sandar awon baƙin mai ka shinshina.

Mota in tana zafi a nan garin, je ka duba lagireto da ƙasa ta toshe, da fankar da ba ta kamawa, da ruwan rijiya da ake ɗura mata yana barin farin gishiri a ciki. A nan gizo ke saƙar.

Lawali na Zango:
Na shinshina Baba. Fetur zalla yake wari.

Isufu mai wayarin:
Yaya Lawali, kawo ta gobe bayan azahar in jona mata baliz. Motocin fetur na Turai daga 2001 duk suna da kafar nan mai haƙori 16, taka tana ƙarƙashin sitiyari. Ƙari a kan maganar Baba Mutari: sond ɗin ruwa na wannan injin, wato abin da ke auna zafin ruwa, ƙafa huɗu gare shi, abu biyu ne a gida ɗaya. Ɗaya yana magana da allurar gabanka, ɗaya da ƙwaƙwalwa. Yana yiwuwa allura ta gaya maka gaskiya alhali ana yi wa ƙwaƙwalwa ƙarya. Don haka ba a yanke hukunci da allura kaɗai.

Kuma Yaya, wanda ya ce zai daidaita hayaƙi ta hanyar rubutu, abin da zai yi shi ne ya goge lambobin da ke kai ƙara. Ciwon yana nan inda yake.

Alhaji Brah:
Na ji ta tamostat, zan sake tunani. Amma katalizar fa? Tun da can mun san man ƙasashenmu yana kashe shi, ya toshe, mota ta kasa numfashi. Shi ya sa ake fasa shi.

Isufu mai wayarin:
Alhaji, a da kuna da hujja, lokacin da ake sa dalma a fetur. Dalma tana lulluɓe shi ya mutu. Amma ƙasashen Afirka kudu da Sahara sun bar fetur mai dalma tun farkon 2006, Aljeriya ce ta ƙarshe a duniya a 2021. Yau abin da ke kashe katalizar shi ne ɗanyen mai da ke isa cikinsa ya kama da wuta ya narkar da saƙar da ke cikinsa, in buji ko bobin masu ba injin wuta sun lalace, ko baƙin mai daga turbo da ya gaji. Wato injin ne ke kashe shi. Dalilin fasa shi na biyu kuwa kowa ya sani: a jikin saƙar nan akwai filatinam da faladiyam da rodiyam, akwai masu saye. Daga saukar mota a jirgin ruwa zuwa ta iso Damagaram hannaye nawa ta bi?

Nana Hadiza:
Salamu alaikum. Ni ba na gyaran mota, aikin jinya nake, amma ku bar ni in sa baki. CO ɗin nan da kuke karantawa a takarda ba shi da launi, ba shi da wari, kuma yana kama jini fiye da yadda iskar numfashi ke kama shi sau sama da 200. Mai shaƙarsa ciwon kai yake fara ji da jiri, sai ya ɗauka gajiya ce. Lawali ƙanena, kada ka ƙara tayar da motar nan a cikin zaure ko garejin gida a rufe, ko na minti biyar ne. Habu kai kuma, bututunka miƙaƙƙe a daidai hancin yaro mai talla yake, da mai kabu-kabun da ke bayanka da goyo a kan babur. Ban faɗa don in ɓata maka ba, abin da nake gani ne a wurin aiki lokacin ƙura, yara masu asma suna shan wuya da abin da ke cikin iska tun kafin a ƙara musu.

Habu mai Golf:
Na ji Yaya, Allah ya ba da lada. Ban taɓa kallon abin ta nan ba. Amma a faɗi gaskiya, katalizar mai kyau tsada gare shi, ba kowa zai iya ba.

Bayan kwana biyu

Isufu mai wayarin:
Ga rahoton motar Yaya Lawali, da izininsa, don wasu su amfana.

Da muka zare gilashin allon gaba, sai ga ɗan guntun baƙin salatif an manna a kan fitilar injin ta ciki, an yanka shi daidai girmanta da reza. Muna ɓare shi ta fito tana ci, Allah kaɗai ya san tun yaushe. Lambobi uku baliz ya karanto: P0135, wato wayar da ke ɗumama sond ɗin lamda na gaba, mai auna hayaƙi kafin ya isa katalizar, ta mutu, P0116, zafin ruwan da ake gaya wa ƙwaƙwalwa bai yi kama da gaskiya ba, sai P1297, iska tana ɓacewa tsakanin turbo da bakin totur.

Injin ya yi rabin awa yana aiki, ba ka iya ɗora hannu a kan tiyon sama, amma ƙwaƙwalwa tana ganin digiri 34. Ku haɗa: tana tsammanin injin bai ɗumama ba tana ta ƙara mai, sond ɗin da zai leƙa hayaƙi ya ce mata ya isa kuma ya mutu. Da muka kwance shi baƙi ƙirin yake, kamar gindin tukunyar da aka girka a murhu.

Na ukun shi ya fi ba ni sha'awa. Mun fita hanyar Mirriya da baliz a cinyata, a giya ta uku ya taka har ƙasa. Ƙwaƙwalwa tana neman matsin iska wajen milibar 1750, abin da ke isowa bai wuce 1350 ba. Ku tuna iskar sararin Damagaram ita kanta wajen 960 ce, to ashe rabin aikin turbo ne kawai ke shiga injin. Muka dawo wurin Baba Mutari.

Malam Mutari bakanike:
Wannan gwajin kowa zai iya yi, ba ya son kuɗi. Mun cire tiyon da ke bayan ma'aunin iska, muka toshe bakinsa da murfin bututun roba na masu famfo wanda muka huda muka sa masa bawul ɗin taya. Muka buɗe murfin baƙin mai, muka ari iskar mai facin da ke gefenmu, muka ba ta kaɗan kaɗan, ba mu bari ta wuce rabin bar ba. Yaro ya bi tiyo-tiyo yana yayyafa ruwan sabulu. A ƙasa, wajen tiyon da ke shiga ƙaramin lagireton iska, mai huce iskar da turbo ya matse, sai kumfa ta tashi kamar ana wanki. Tsaga ce tsawon ɗan yatsa, a cikin lanƙwasa, ta ɓangaren da ido ba ya gani. In mota na tsaye a rufe take, sai turbo ya hura take buɗe baki.

Ga yadda wannan ke kawo baƙin hayaƙi. Ma'aunin iska yana gaban turbo, ya riga ya ƙirga iskar duka ya kai rahoto. Ƙwaƙwalwa ta zuba mai daidai da abin da aka ƙirga, alhali wani kaso ya tsere ta tsagar. Mai ya yi yawa, ƙarfi ya ragu, shi kuma turbo yana ta haƙilon cike tulun da ya huje. Habu, bawul ɗinka mai huci irin wannan ɓarnar yake yi duk lokacin da ka canja giya, don iskar da aka riga aka ƙirga yake zubarwa waje. Na asali mayar da ita yake ciki.

Sabo, Ƙofar Ruwa, Kano:
Gaisuwa ga mutanen Damagaram. Ina bin zancen tun farko. Lawali, in za ka sayi sond na gaba ka kula. Injinka in AUQ ne, kamar yadda na gani a hoton da ka turo, nasa mai waya biyar ne, ba irin mai waya huɗun nan da ake yankewa a haɗa wa kowace mota ba. In aka sa maka wancan ba zai yi aiki ba ko kaɗan. Ka turo lambar da ke jikin tsohon a nemo irinta. Kuma a kasuwa akwai na kwali mai kyau da araha, wata biyu ya mutu, gara na cire daga mota mai lafiya in sabon gaske ya fi ƙarfinka. Katalizar kuwa, mu nan indomi ake ce masa saboda kamannin cikinsa. In za ka sayi na hannu, ka ɗaga shi saitin rana ka leƙa: haske ya ratsa ƙananan ramukan duka, babu inda ya narke, babu inda ya farfashe, in ka girgiza kada ka ji ƙaras-ƙaras.

Habu mai Golf:
To ai ko ya yi kyau a ido ba shi ke nuna yana aiki ba. Wani ya sha baƙin mai ya mutu, saƙarsa na nan lafiya lau. Ka biya kuɗi ka ɗaura gawa.

Isufu mai wayarin:
Nan kam Yaya Habu ya yi gaskiya. Sai a yi sharaɗi da mai sayarwa: a ɗaura, a gwada, in bai yi ba a mayar. Gwajin ba wuya. Sond na baya, wanda ke bayan katalizar, yana karanta tsakanin bolt 0.1 da 0.9. In katalizar na aiki, kuma ya yi zafi, don ba ya fara komai sai ya kai wajen digiri 300, layin sond na baya kwanciya yake kusan wuri ɗaya. In yana tsalle sama da ƙasa, gawa ce. Kuma kada a ɗaura shi sai an gama gyara injin, in ba haka ba man da ya yi yawa zai cinye shi cikin 'yan makonni.

Bayan kwana goma sha ɗaya

Lawali na Zango:
'Yan uwa alhamdu lillahi. Kaya sun iso daga Kano ranar Talata. An sa tamostat, sond ɗin ruwa, sond ɗin lamda, tiyo, buji huɗu, filtar iska ta takarda, aka yi bidanj, wato canjin baƙin mai, da 5W-40. Kafin a ɗaura katalizar Isufu ya ce mu auna mu gani: CO ya sauko 0.7, HC 160, lamda 1.01. Kwana biyu bayan nan fitila ta kama, baliz ya nuna P0420, Isufu ya ce yanzu ne motar ta samu idon ganin cewa tukunyarta wayam take. Jiya aka ɗaura na hannun da Sabo ya aiko, yau da safe na koma bizit: CO 0.1, HC 40, CO2 14.8. Na karɓi takardata.

Amma abin da ya sa na kasa barci shi ne tuƙin. Wallahi kamar an canja mini mota. A giya ta uku daga juyi 2000 take manna ni da kujera. Allura ta hau 90 ta zauna daram. Dawakin da nake shirin zuwa saye ashe nawa ne suka ɓalle. Na kashe jaka 185. To yanzu da ta warke, in ci gaba da maganar rubutun ƙwaƙwalwa?

Malam Mutari bakanike:
Barka ɗana. Ni a ganina ka bar ta haka. Mota ce da ta haura shekara 20, ba ka san irin wahalar da ta sha a hannun na baya ba. Wanda ya manna salatif a kan fitila, kana jin ya canja kuruwar injin, wato bel ɗin da ke daidaita tafiyar fistin da bawul, a kan lokaci? Injin nan bawul 20 gare shi, biyar a kowace silinda. In kuruwa ta tsinke fistin zai tarar da su a buɗe ya lanƙwasa su, ka tashi daga maganar ƙarin doki ka koma neman kan injin. Ragowar kuɗinka can ya kamata su tafi: kuruwa, da abin ɗaure ta, da famfon ruwa, a yi su rana ɗaya. Mu a zafin nan ba ma barin kuruwa ta wuce shekara huɗu ko biyar ko da ba a yi tafiya da yawa ba.

Habu mai Golf:
Baba kuna da tsoro da yawa. Injin nan an san shi da ɗaukar ƙari. Ita kanta TT akwai mai doki 225 daga kamfani, kuma 1.8 ɗin ce dai.

Isufu mai wayarin:
1.8 ce Yaya, amma ba kaya ɗaya ba. Mai 225 turbonta K04 ne, ya fi K03 na su Yaya Lawali girma, lagireton iskarta biyu ne hagu da dama, kuma an rage mata matsin silinda don ta jure. Ba rubutu kaɗai ya raba su ba.

Ni ban ce kada a yi ba, sai dai a san abin da ake saye. Rubutun yana umartar bawul N75, mai sarrafa matsin turbo, ya jinkirta sakin hayaƙi, matsin turbo ya tashi daga wajen bar 0.8 zuwa 1.1 ko 1.2, a ƙara mai, a matso da lokacin wuta. A kan lafiyayyen injin ana samun doki 200 da 'yan kai, wannan ba ƙarya ba ne. Matsalar ita ce yawancin rubutun da ake saukowa da shi daga intanet an tsara shi ne don fetur mai oktan 98, wato mai jure matsi sosai, da iskar Turai. Iska in an matse ta zafi take yi. In ta shiga turbo tana digiri 42 a bazararmu, tana fitowa ta haura 100 nesa, kuma ɗan lagireto guda ɗaya da ke ɓoye a bayan bamba shi ake jira ya huce ta. Iska mai zafi da mai mai rauni su ne ke haifar da ƙwanƙwasa, wato mai ya fashe da kansa kafin wutar buji ta iso gare shi. Ƙwaƙwalwa tana ji ta ja wuta baya don ta ceci injin, to ƙarfin da ka biya ya tafi. In abin ya fi ƙarfinta kuma, gefen fistin ne ke gutsurewa.

Akwai hanyar sani ba tare da gardama ba. A baliz, rukuni na 020 yana nuna digiri nawa aka ja wuta baya a kowace silinda. Mu jira tsakiyar Afrilu, da ƙarfe biyu na rana, mu hau hanya mu auna ta yadda take yanzu. In tana nuna sifili zuwa 3, akwai sarari. In tun yanzu tana taɓa 6, babu wurin ƙari sai an sa babban lagireton iska a gaba.

Alhaji Brah:
Ni abin da zan ƙara shi ne mai. Mota irin wannan ba ta ruwa-ruwa ba ce. Man kwalba yana wuni a rana a bakin titi, ƙura na shiga, kuma wani ana haɗa shi da kananzir don ya yi auki. Babur zai haɗiye, tsohuwar 504 za ta haɗiye, mai turbo ba za ta yafe ba. Tun ƙarshen 2011 muna da matatar SORAZ a nan hanyar Tanut, mai tace ganga 20,000 a rana, gidajen mai kuma ga su a gari. Ka zaɓi guda mai yawan ciniki ka riƙe shi. Malam Mutari, akwai motoci biyu a wurina da aka cire wa tamostat makon jiya, zan turo muku su a mayar.

Habu mai Golf:
Tunda ana faɗin gaskiya, bari in faɗi tawa. Wata uku ke nan Golf ɗina tana fitar da shuɗin hayaƙi in na daɗe a tsaye sannan na taka, kuma ina ƙara mata baƙin mai kusan lita a mako biyu. Ina ta cewa zoben fistin ne.

Malam Mutari bakanike:
Hayaƙi in baƙi ne, fetur ne ya yi yawa, fari mai ƙamshin zaƙi ruwa ne, shuɗi baƙin mai ne. Amma kafin ka ce zobe, cire tiyon bakin turbo ka haska da tocila. Filtar nan buɗaɗɗiya da ka sa ta sha hunturu guda a garin nan. Fankar turbo tana juyi sama da 150,000 a minti ɗaya, ƙurar da kake gani kamar gari a wurinta tsakuwa ce. In ka ga bakin fikafikan sun dakushe kamar tsohuwar wuƙa, ka kama sandar tsakiya da yatsa biyu ka ji tana motsi gaba da baya, to shi ne. Ka duba har tiyoyin numfashin injin da ke ƙarƙashin bututun shigar iska, zafi yana mayar da su kamar busasshiyar ƙanzo, in sun toshe su ma suna tura baƙin mai inda bai kamata ba. Kuma ku duka masu turbo, in kun dawo daga gudu ku bar injin ya yi minti ɗaya ko biyu a ralanti kafin ku kashe, don man da ya tsaya a cikin turbo mai zafi gawayi yake zama.

Habu mai Golf:
Na haska Baba. Fikafikan sun cinye, sandar kuma tana rawa. Akwatin filtata na asali yana nan a ɗaki, ban yar ba.

Sabo, Ƙofar Ruwa, Kano:
Habu, turo mini hoton farantin da ke jikin turbon in duba maka. Wani lokaci tsakiyar kawai ake canjawa, ba sai an sayi duka ba.

Lawali na Zango:
Baba Mutari, na yi magana da Sabo, kuruwa da famfon ruwa za su taho a motar ranar Alhamis. In kuna da wuri ranar Asabar da safe zan kawo ta. Isufu, ka rubuta mini 15 ga Afrilu, ƙarfe biyu, hanyar Tanut. In ta nuna akwai sarari sai mu zauna mu yi lissafin lagireton.

Malam Mutari bakanike:
Kawo ta da ƙarfe bakwai, tun injin bai yi zafi ba. Ka taho da ruwan lagireto na gaske jarka biyu, za mu zubar da na rijiyar da ke ciki mu wanke. Habu, kai ma ka biyo shi da akwatin filtar.